A Mayar da Dambe da Kokawa Tsakar Gida

Duk wanda ya san zangunanmu na ƙasar Gana, daga Nima da Mamobi da Sabon Zango a Akra har zuwa Aboabo da Asawase a Kumasi, ya san irin labarin da ake tarar da shi a ƙofar masallaci bayan sallar asuba. A ce wane ya yanke jiki ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa ya shanye. A ce wance ciwon suga ya taɓa mata ƙafa, likitoci na shawarar yankewa. A da, irin wannan labari na tsofaffi ne tukuf. Yanzu kuwa sai ka ji mai shekara arba'in da 'yan kai ne, yaransa ko makarantar firamare ba su gama ba. Mukan yi salati, mu haɗa gudummawa, mu ce haka Allah ya ƙaddara. Gaskiya ne, babu mai tsallake ƙaddara. Amma Ubangijin da ya ƙaddara cuta shi ne ya ba mu jiki amana, kuma amana ana tambayar ta.

Maganar da nake so mu duba ita ce: atisayen dambe da kokawa da 'yan uwansu, wanda mutum zai yi shi kaɗai ko da iyalinsa a tsakar gida ko cikin ɗaki, na cikin hanyoyi mafi araha da mutumin zango zai bi ya tsare lafiyarsa. Kuma lokaci ya yi da manyanmu za su daina kallon sa a matsayin aikin marasa tarbiyya.

Kakanninmu da suka kafa waɗannan zanguna ba su san wani abu wai shi motsa jiki ba, domin rayuwarsu gaba ɗaya motsi ce. Fatake sukan baro Kano ko Katsina ko Sakkwato a ƙasa, su yi watanni a hanya kafin su iso kasuwar Salaga ta ƙasar Gwanja neman goro, sannan su juya da kaya. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 suka watsu zuwa Kete-Karaci da Kumasi da Akra da sauran garuruwa, suka ci gaba da fatauci da fawa da dako. Matansu na daka, suna jan ruwa a rijiya, suna tuƙa tuwon gida guda. Wanda ya yi wannan aiki, in ya zauna ya ci tuwon zafi malmala biyu, jikinsa ya riga ya ƙona shi tun kafin ya kai bakinsa.

Mu jikoki mun riƙe kwanon, mun yar da aikin. Safiya koko ne da ƙosai da suga, rana shinkafa da wake da taliya da gari a faranti ɗaya, dare tuwo. Tsakaninsu ga shayi mai kauri da ake ta zagayawa da shi a majalisar samari har tsakar dare. Mai shago yana zaune daga hantsi zuwa isha'i, tela na kan keke, direba na kan kujera, ɗan okada na kan babur. Injin niƙa ya karɓe turmi, famfo ya karɓe guga, waya ta karɓe ɗan abin da ya rage na zirga-zirga, domin ko gaisuwar maƙwabci yanzu ta WhatsApp ake aikawa. Ba mu kaɗai ba ne: ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a 2022 kimanin kashi 31 cikin ɗari na manyan mutanen duniya ba sa motsa jiki yadda ya kamata. Sai dai namu ya fi ciwo, domin mai kuɗi in hawan jini ya kama shi yana da abin sayen magani har ƙarshen rayuwarsa, talaka kuwa jarinsa ne zai tafi.

Abin da hukumar ta nema bai kai yadda ake zato ba. Baligi ya yi motsi matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, ko mai tsanani na minti 75 zuwa 150, ya kuma ƙara da aikin ƙarfafa tsoka sau biyu a mako. Yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar awa guda kullum. Wanda ya kai 65 ana so ya haɗa da atisayen da zai daidaita masa tsayuwa, don gudun faɗuwa. Minti 150 rabin awa ke nan a kwana biyar. Tambayar ita ce, ina za a yi shi? Wuraren motsa jiki na zamani na neman kuɗin wata, kuma ba kowace mace ce za ta iya shiga ba. Filayen ƙwallo gine-gine sun cinye yawancinsu. Gudu a bakin titi kuwa, ga hayaƙi, ga kwata a buɗe, ga motoci. Abin da kusan kowa ke da shi shi ne ɗan fili taku uku a tsakar gida ko a gaban gado. A wannan taku ukun ba a buga ƙwallo, ba a tsere, amma ana dambe da iska, ana tsallen igiya, ana gyara tsayuwar kokawa. Nan ne waɗannan wasanni suka fi sauran.

Me ke faruwa a jikin mai dambe da iska? Mutum ya tsaya, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, gwiwa a ɗan lanƙwashe, hannuwa a gaban fuska, yana kai naushi yana kaucewa kamar akwai abokin karawa a gabansa. Naushin da ya amsa sunansa daga ƙafa yake tasowa, ya bi ta cinya da ƙugu da baya, kafaɗa ta miƙa shi ga hannu. Don haka manyan tsokokin jiki duk suna aiki lokaci guda, su kuma sai su nemi ƙarin jini da iska. Zuciya ta ƙara bugu, huhu ya buɗe. Idan aka maimaita haka mako bayan mako, zuciya kan ƙara ƙarfi ta riƙa tura jini mai yawa a bugu ɗaya, hanyoyin jini su yi laushi, hawan jini ya ɗan sauka. Tsokar da ke aiki tana janye suga daga cikin jini ta ƙona shi, kuma takan ci gaba da karɓar sa cikin sauƙi na sa'o'i bayan an gama. Shi ya sa likitoci ke matsa wa mai ciwon suga ya riƙa motsi. Tsalle da tsugunne kuma suna ɗora wa ƙashi nauyi, ƙashin da ake ɗora wa nauyi kuwa ba ya saurin rauni a tsufa.

Kokawa nata amfanin a ƙafa da ƙugu yake. Ɗan kokawa yakan rage tsawo, ya buɗe ƙafa, ya riƙe wannan tsayuwa yana matsawa gaba da baya. Gwada ta na minti guda kawai, cinyoyinka za su ba ka labari. Waɗannan tsokoki su ne ke tayar da dattijo daga kan tabarma ba tare da an kama shi ba, su ne ke ba shi ikon yin ruku'u da sujada da tashi zuwa raka'a ta gaba. Mu duba yadda kujerun roba ke ƙaruwa a sahun masallatanmu. Wasu lalura ce ta gaske, Allah ya ba su lafiya. Amma da yawa gwiwa ce da cinya da aka bari suka mutu a zaune tun mai su yana da sauran ƙarfi.

Wani zai ce ai duk wannan tsalle-tsallen kawai ma ya isa, me ya kawo sunan dambe? Abin da ya kawo shi shi ne ɗorewa. Motsa jikin da babu abin koyo a cikinsa gundura yake yi, mako biyu an watsar. Amma wanda ke koyon yadda zai haɗa naushi uku a jere ba tare da ƙafarsa ta harɗe ba, gobe yana ɗokin ya gyara kuskuren jiya. Hankalinsa na kan gwaninta, gumi na zuba bai sani ba. Mutanen gabashin Asiya sun daɗe da gane wannan. Karate ta tsibirin Okinawa tana da jerin motsi da ake kira kata, takwando ta Koriya tana da irinsa, duka mutum ɗaya ke yin su ba abokin karawa. Tsofaffin ƙasar Sin kuma suna yin tai-ci a sanyin safiya, motsi ne a hankali, kuma bincike ya nuna yana rage wa tsofaffi yawan faɗuwa. Ashe tun asali kaso mai tsoka na waɗannan wasanni a kaɗaice ake yin sa.

Mu kuwa ba baƙi ba ne a wannan fage. Dambe namu ne, gadon mahauta ne da sukan zaga gari-gari da kaka bayan an kai amfanin gona gida. Hannu ɗaya a naɗe shi da kara, shi ne mashi, ɗayan a miƙa shi gaba, shi ne garkuwa. Turmi uku ake yi, wanda ya kai ƙasa an kashe shi. Kalangu na tashi, ana kirari, kuma har yau wanda ya ji sunan Shago sai ya tuna da Ɗan Anace da ya waƙe shi. A Nijar kokawa ce sarauniyar wasanni: tun 1975 da aka fara gasar takobi a Tawa, jihohin ƙasar ke karawa, kuma sunayen irin su Kantu na Maraɗi da Isaka Isaka na Doso yaro ma ya san su. Daga Nijar ɗin dai Abdul Razak Isufu Alfaga ya ci lambar azurfa a takwando a gasar Olamfik ta 2016, ya zama zakaran duniya a 2017. Mahautan zango da ke yanka a Kumasi da Akra jikokin masu wancan gado ne. Mun tsare harshe a baƙon wuri, mun tsare hula da babbar riga da tuwo, amma wannan ɓangare na al'ada mun bar shi a bidiyon da muke kallo a waya muna kishingiɗe.

Ga kuma darasi daga maƙwabtanmu. Bukom, unguwar Gawa da ke tsohon garin Akra kusa da teku, ba ta fi zangunanmu wadata ba, cunkoson ma iri ɗaya ne. Amma damben zamani ya zama abin alfaharinta, kuma a lunguna da 'yan rumfuna yaranta ke koyo. Ƙasar nan ta sami lambar Olamfik ta farko ta hannun ɗan dambe Clement Quartey, azurfa a 1960. David Kotei da ake kira D.K. Poison ya zama zakaran duniya a 1975, Azumah Nelson ya bi sahu a 1984, Samuel Takyi kuma ya kawo tagulla daga gasar Tokiyo da aka yi a 2021. Ba ina cewa mu tura 'ya'yanmu su zama 'yan damben kuɗi ba ne. Abin lura shi ne, duk yaron da ya zama zakara, akwai ɗaruruwa da ba su zama ba, amma sun tashi da huhu mai kyau da jiki a murɗe da sabon tashi da sassafe. Rashin fili da rashin kuɗi ba su hana su ba.

Yadda za a fara ba shi da wuya. Minti biyar na farko a ɗumama jiki: tafiya a wuri ɗaya, juya kafaɗu da ƙugu da idon sawu. Sannan a bi tsarin 'yan damben zamani, minti uku aiki, minti ɗaya hutu. Zagaye biyu na dambe da iska, ɗaya na tsallen igiya, ɗaya na tsayuwar kokawa da tsugunna-tashi, ɗaya na kifewa a ɗaga jiki da hannuwa, na ƙarshe a koma dambe da iska a hankali. Zagaye shida da hutunsu minti 24 ne, ka haɗa da ɗumama jiki kusan rabin awa ke nan. Sabon shiga ya fara da minti ɗaya aiki, minti ɗaya hutu, zagaye uku kacal, ya riƙa ƙarawa duk mako. Sannu ba ta hana zuwa. Ma'aunin ƙoƙari kuma a bakinka yake: in kana iya magana amma ba ka iya rera waƙa, kana matsakaici, in kalma biyu ko uku kawai ke fita kafin ka ja numfashi, ka shiga mai tsanani.

Kayan aiki igiya ce da tabarma. Mai son buhun naushi ya cika shi da tsummoki, yankakkun ƙyallayen da tela ke zubarwa sun wadatar. Kada a cika shi da yashi zalla, domin yashi kan dunƙule ya yi tauri kamar dutse, ya lalata wuyan hannu. A naɗe hannu kafin a taɓa buhu, kada kuma a miƙe gwiwar hannu har ƙarshe da ƙarfi in ana naushin iska. A gidan haya mai mutane da yawa, a bar tsallen igiya sai gari ya waye, haƙƙin maƙwabci na nan. Da azumi a mayar da shi bayan an sha ruwa, a rage yawansa. Mai hawan jini ko ciwon suga ko ciwon zuciya, da mai juna biyu, da wadda ba ta daɗe da haihuwa ba, su fara jin ta bakin likita. Duk wanda ya ji ciwo a ƙirji, ko jiri, ko numfashi na neman ɗaukewa, ya tsaya nan take ya nufi asibiti.

Na san dattawanmu suna da ja, kuma jan nasu ba na banza ba ne. Na farko tsoron rigima. Mun ga yadda 'yan siyasa ke neman majiya ƙarfi lokacin zaɓe, mun kuma san yadda ake saurin jingina wannan aiki ga samarin zango, da mai laifi da marar laifi. Abin ya yi ƙamari har majalisar dokoki ta kafa dokar haramta ƙungiyoyin 'yan bangar siyasa a 2019, bayan tashin hankalin zaɓen cike gurbi na Ayawaso West Wuogon. Uban da ya ga ɗansa na naushin buhu dole gabansa ya faɗi. Amma mu tambayi kanmu, wane yaro ɗan siyasa ke samu da araha? Wanda ba shi da abin yi, yana kwana a majalisa, ƙarfinsa na tiramol ne. Yaron da ke tashi da asuba ya yi atisaye a gaban idon mahaifinsa, ya san zafin naushi, ya saba da bin ƙa'ida da tsayawa in an ce tsaya, shi ya fi wuyar saye. Ƙarfin samartaka kamar ruwan sama ne a kan rufi, dole ya sauka. In ba a yi masa indararo ba, bango zai ci.

Na biyu maganar addini. Malamai da yawa sun hana damben da ake dukan fuska, saboda hanin da ya zo a kan haka da kuma cutarwar da ke ciki. Likitoci ma sun tabbatar cewa yawan bugu a ka na lalata ƙwaƙwalwa. Ban zo in yi jayayya da wannan ba, hasali ma hujjata ce. Lafiyar da ɗan dambe ke samu a wajen shiri yake samun ta, ranar karawa asara kawai jikinsa ke yi. Mai atisaye a gida ya ɗauki ribar ya bar asarar, bai daki fuskar kowa ba, ba a daki tasa ba. Ya kuma zo a littattafan hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi kokawa da Rukana ya kayar da shi, ya yi tsere da Nana A'isha, ya kuma bar Habashawa suka yi wasan masu a masallacinsa tana kallo. Abin da za mu bari a bakin fage shi ne layu da guraye da tsafin da wasu 'yan dambe ke dogara da su, da caca, da bayyana tsiraici.

Na uku, za a ce ba a koyon faɗa ba malami. Haka ne. Bidiyon YouTube ba ya ganin ka balle ya gyara maka tsayuwa, kuma wanda ya yi wata shida yana dukan iska kada ya ɗauka ya iya kare kansa daga ɗan fashi. Wanda ke son gasa ko kare kai ya nemi ƙwararren mai horarwa. Kayar da abokin karawa da maƙure wuya da murɗe gaɓa ba abin gwadawa ba ne a kan siminti tsakanin wa da ƙane. Gida lafiya yake bayarwa, ita ce kuma muke nema.

Sai wanda zai ce shi aikin ƙarfi yake yi, ya wadatu. Ɗan dako da birkila da makaniki suna da ɗan gaskiya, amma aikinsu yakan nauyaya wa gaɓa ɗaya ne kullum, shi ya sa baya da kafaɗa ke saurin gajiya. Minti goma na miƙa jiki da sassauta ƙugu zai amfane su. Yawancinmu kuwa gajiyar zama ce ke damun mu, muna ɗaukar ta gajiyar aiki.

Waɗanda suka fi kowa bukatar wannan magana iyayenmu mata ne da matanmu da 'yan matanmu. Namiji ko ba komai yana taka ƙafa zuwa masallaci sau biyar, saurayi na samun ƙwallo ranar Lahadi. Mace kuwa daga ɗaki sai bakin murhu sai teburin sana'a, kuma muna yabon ƙiba muna cewa hutu ne da jin daɗin gidan miji. Ga hanya ta samu wadda ba ta bukatar fita ko cuɗanya da maza ko sauya sutura. Ta rufe ƙofa, ta yi minti ashirin ita da 'ya'yanta ko maƙwabciyarta. Babban shingen kunya ce da tsoron dariyar mutanen gida, kuma maigida ne ke da ikon rushe shi. In ya yi dariya, an gama. In ya sayo igiya ya ce bismilla, gidan gaba ɗaya zai bi.

Don haka kirana ga sarakunan zango da limamai da malaman makarantun Islamiyya shi ne su sa baki. Huɗuba ɗaya a kan amanar jiki za ta kai inda takardar asibiti ba ta kaiwa. Makarantar da ke tara yara ranar Asabar da Lahadi za ta iya ware kwata guda kafin a shiga aji. Ƙungiyoyin samari da ke haɗa kuɗin biki da na suna za su iya ɗaukar mai horarwa sau ɗaya a wata, ya gyara wa mutane tsayuwa, kowa ya koma gida ya ci gaba. Sarkin fawa kuma ya tuna cewa wannan gadon gidansu ne, shi ya fi cancanta ya jagoranci tsabtace shi.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da likita ya ɗaura maka awo a dantse ya ce ya haura 140 bisa 90, ranar tafiya ce ta ƙarato. Kafin nan, ga tsakar gida, ga igiya, ga rabin awa bayan sallar asuba. Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan magabatanmu da suka tako da ƙafa suka kafa mana waɗannan zanguna.